Yadda Na Kai Ɓargona Ingila

Tun da na dawo ban samu na sheƙe shinkafa ko kwano ɗaya cikin natsuwa ba. Wannan ta shigo barka da sauka, kafin in shimfiɗa mata tabarma ta jefo tambaya. Waccan ta zo aron rariya, ta zauna har azahar. Tambayar kuma ɗaya ce: da gaske an fasa mini ƙashi? Har akwai wadda ta roƙe ni in miƙe in zaga tsakar gida ta gani. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru da ɗan bokona na ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma a bar ni in yi aikina.

Ni ce Kulu ta Argungu. Sana'ata turara shinkafa in shanya in surfe in sayar. Mu biyar Inna ta haifa. Babbanmu Yaya Arzika, shi ne ya yi boko mai zurfi, malamin gona ne a Sakkwato, babban birnin jiharmu, amma gidansa na Birnin Kebbi, can Inna take zaune. Ni ce ta uku. Autanmu Labbo magatakarda ne a wani injin casar shinkafa. Ya yi shekara uku a sakandare, kuma ko wanka za shi da biro a aljihu.

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri: shekara huɗu ni da Yaya ba ma doguwar magana. Wata damina ya zo da sabon irin shinkafa daga ofis, ya sa aka shuka a gonar da na gada a fadamar Zauro ba da sanina ba. Ruwa ya zo. Irinmu na gargajiya in ruwa ya hau, shi ma hawa yake yi. Nasa gajere ne, ya tsaya inda yake, ya nutse har da allon da aka kafa masa. Na same shi a gaban baƙinsa na faɗa masa abin da ke bakina, kuma ranar bakina a cike yake. Daga nan sai gaisuwa kawai, ita ma a tsaye.

Ciwonsa ya fara ne da kaluluwa a wuya da hammata, ba ta zafi kuma ba ta sauka. Sai zazzaɓi, sai zufa, sai rama. Aka kai shi Sakkwato, aka kai shi Zariya, aka ce ciwon daji ne. Ya sha magani har gashinsa ya zube, abin ya lafa, bayan wata tara ya dawo. Sai aka tura shi Ingila tare da matarsa Hajiya Asabe. Ranar tafiyarsu ban je ba, na aika da gaisuwa. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na nuna.

Bayan mako uku saƙo ya zo, mu huɗu 'yan'uwansa mu je Sakkwato a ɗebi jininmu. Wai za a yi masa dashen ɓargo, ana neman wanda nasa ya dace. Aka ɗiba, aka sa cikin ƙanƙara, jininmu ya riga mu hawa jirgi. Labbo bai ko yi shakka ba, don shi ne mai kama da Yaya, har tafiyarsu iri ɗaya. Kafin amsa ta zo ya riga ya ba da ɗinkin kwat. Da takardar ta iso ya karanta sau uku, ya juya bayanta ko an yi gyara. Sunana ne.

Nan fa Argungu ta ɗauka. Wani mahauci maƙwabcinmu ya zo takanas ya tsaya a zaure ya yi mini bayani ta bayan labule. Ya ce shekara talatin yana aiki, bai taɓa ganin ɓargo ya fito ba a fasa ƙashi ba. Shawararsa ita ce in an ba ni zaɓi in miƙa hannun hagu. Maigidana Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce mini, "Ki tahi, Allah shi tsare. Da a harshe za su ɗiba, da kowa ya huta."

Na yi dariya, amma kwana uku abinci bai shiga cikina da daɗi ba. Na ji tsoro, kuma sau ɗaya zuciyata ta ce mini, wanda bai tambaye ki gonarki ba, yau ƙashinki yake so. Na yi istigfari na ci gaba da haɗa kaya. Aka yanke Labbo zai raka ni, saboda Turancinsa, kuma don kada kwat ta tafi a banza.

Muka fara zuwa Birnin Kebbi sallama da Inna. Ta ba ni daddawa, da yaji, da galan guda na rubutu da ta sa aka yi wa Yaya. Ni kuma na ɗaure busasshen kifin Argungu manya guda shida. Da za mu fita ta riƙe mini hannu.

"Kulu, ni na haihe ku duka. Ban aike ki shari'a ba. Ki kai mishi abin da anka ce ki kai, ki riƙe bakinki."

Na ce to.

Fijo muka shiga, ta Sakkwato, mu bi Gusau da Funtuwa zuwa Kano. Bayan Talatar Mafara taya ta fashe, muka zauna gindin wata tsamiya. A nan Labbo ya kasa haƙuri ya gaya wa wani falken albasa mutumin Augie inda za mu da abin da za mu yi. Mutumin ya tashi ya ba ni kujerar gaba da ya biya wa kansa, ya ce mai zuwa a fasa mata ƙashi ba ta zama a matse. Duk inda muka tsaya kuma sai ya sanar. A tashar Gusau har mutane suka kewaye motar. Wata dattijuwa mai sayar da dafaffen ƙwai ta kutso ta ce tun da Ingila za ni, in gaida ɗanta Sani. Na ce wace unguwa? Ta ce ba ta sani ba, amma dogo ne, yana da wushirya, ba zan kasa gane shi ba. Ta ba ni ƙwai biyu ladan aike.

Jirgin sama ba zan ce komai a kansa ba sai abu ɗaya. Da ya tashi kunnuwana suka toshe, na ɗauka kurumta ta same ni. Na gaya wa Labbo a hankali, a ganina. Ashe har masu zama a can gaba sai da suka waiwayo.

A bakin shiga ƙasarsu muka tarar da wani jami'i a cikin akwatin gilashi. Labbo ya gyara kwat ya matsa. Mutumin ya yi magana ta hanci, kalmomin a manne da juna, ba irin Turancin sakandare ba. Labbo ya ce yes. Ya sake tambaya, Labbo ya ce yes. A ta uku fuskar mutumin ta canza, ya ajiye hatiminsa. Daga baya muka gane Labbo ya amsa cewa aiki muka zo nema, ba mu da ranar komawa, kuma ni matarsa ce. Wasiƙar asibiti da na ƙulle a bakin zanena ita ta fitar da mu. Da ya karanta sai ya dube ni, ya ɗan sunkuyar da kai, ya buga hatimi.

Wajen duba kaya kuma kare ne ma'aikaci. Ya wuce akwatunan Turawa bai kula ba, ya zo kan ƙunshina ya zauna kamar ya iso gida. Aka kwance, aka kwashe kifin duka shida. Daddawa kuwa jami'in ya buɗe, ya sunsuna, ya rufe da sauri, ya miƙo mini daga nesa. Sai galan. Ya girgiza, ya leƙa, ya ga baƙin ruwa. Labbo ya fara neman Turancin rubutu a silin. Ni dai na karɓa na yi bisimilla na kurɓa, na goge baki. Mutumin ya jira ya ga ban faɗi ba, ya yi mana hannu mu wuce.

Hajiya Asabe ta tarye mu. Ta rame ita ma. Ta sa mu a wani jirgin ƙasa mai bin rami kamar gafiya. Na shiga na yi sallama, na gaida na dama da na hagu. Ba wanda ya amsa. Kowa ya kafa ido a jarida, gwiwarsa na gugar ta ɗan'uwansa amma kamar an yi musu rasuwa. Na duba ko zan ga dogo mai wushirya, to amma wa zai buɗe baki balle ka ga wushiryarsa?

Masaukinmu gidan wata tsohuwar Baturiya ne kusa da asibiti, ɗaki biyu a sama. Sunanta ya ƙi zama a bakina, sai na riƙa kiran ta Gwaggo, ita kuma tana amsawa. Ita kaɗai ce a gidan sai wata ƙatuwar kyanwa mai kwanonta da kujerarta. Da hannu na tambaye ta 'ya'ya, ta nuna mini hoton maza biyu a bango, ta yi nuni da can nesa. Tsohuwa kamar Inna, ba jika, ba suruka, ba mai shigowa aron wuta. Na ji tausayinta, ita ma na lura tausayina take ji, ban san na me ba.

Ranar farko na yi ɓarna. Wurin wankansu wani dogon kwami ne fari, wai a ciki ake kwanciya. Ni ban ga yadda mutum zai kwanta cikin dauɗarsa ya ce ya yi wanka ba. Na tara ruwa a kwamin, na tsuguna a gefensa, na riƙa kamfata da kwano ina zubawa kamar a gida. Ban san ƙasan katako ba ne da darduma a kai. Ina cikin shafa mai na ji Gwaggo tana kira. Na sauko na tarar ruwan wankana yana ɗiga daga silin daidai kan kujerar kyanwa. Na durƙusa ina ba da haƙuri da Hausa. Ta dube ni, ta dubi kyanwar da ta jiƙe, sai ta fashe da dariya har ta zauna. Washegari ta sayo mini bokiti, ta nuna mini in tsaya a cikin kwamin.

Abincinsu kuwa dafaffe ne da ruwa, dankali da wani koren wake, ba gishiri ba yaji, kamar kowa a ƙasar jinya yake. Yajin Inna ya yi mana rana. Rana kuma ba ta faɗuwa da wuri a lokacin da muka je. Ka yi la'asar, ka ci abinci, ka gaji, ka yi hamma, ita tana nan tsaye. Labbo ya ce agogonsu ne ba daidai ba.

Da na ga Yaya sai da na dafa ƙofa. Mutumin da muryarsa ke cika fadama, ga shi a gado kamar an wanke shi an matse. Agogonsa ya zame har gwiwar hannu.

"Kulu, kin iso."

"Na iso, Yaya. Ya jiki?"

"Da godiya. An yi ruwa gida?"

"An yi."

"Kin shuka?"

"Na shuka."

"Wane iri?"

Hajiya Asabe ta yi tari. Na tuna da Inna, na riƙe bakina iyakar ƙoƙarina, na ce, "Mai iyo."

Ya rufe ido. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Likitan Yaya dogo ne mai jan gemu. Ya ce zai gan ni ni kaɗai, ba a gaban Yaya ba, don haka Labbo ne tafinta. Ya yi zane a takarda, ya yi bayani mai tsawo. Labbo yana gyaɗa kai kamar tare suka yi karatu. Da ya gama Labbo ya juyo.

"Ya ce ciwon shayi na."

"Ciwon mi?"

"Ciwon ti. Ti shi na shayi. Kin san Yaya da shayi."

Na tsorata, don Yaya yakan shanye fulas biyu a yini, ni kuma da safen nan Gwaggo ta ɗura mini kofi biyu. Sai na ji dariya a bayana. Wata nas ce baƙa, gajera, tana riƙe da faranti. Ta ce, "Wanga bawan Allah zai kashe ki da tsoro. Daga ina kunka hito?"

Na juya ina neman mai maganar, don ban yarda daga bakinta ta fito ba. Hausar gidanmu, ba ta rediyo ba. Sunanta Kechi, 'yar ƙabilar Ibo ce, amma a Birnin Kebbi aka haife ta. Babanta yana da rumfar kwanoni a kasuwa. Sun tashi lokacin rikici tana 'yar shekara goma sha huɗu, ba ta sake komawa ba. Ta ce abin da take mafarki har yau shi ne kifin Argungu. Dole na gaya mata labarin kare. Ta ɗora hannu a ka.

Ita ta zauna ta fassara, Labbo ya koma duba biro. Ta ce a cikin jini akwai masu gadin jiki, kashi-kashi, likitoci sun ba su sunaye da baƙaƙen boko. Wani kashi ana ce masa Ti, harafi ne kawai, ba ruwansa da shayi. Su ne suka ɓaci a jikin Yaya, suna ta hayayyafa ba tsayawa, suna taruwa a kaluluwa. Duk masu gadin nan kuwa, da jinin gaba ɗaya, daga ɓargo ake haifar su. Can irin yake.

Likita ya ce hanya uku suka duba. Ta farko a ci gaba da magani kawai, to amma ciwon ya riga ya dawo sau ɗaya, ya san maganin. Ta biyu a ɗebi ɓargon Yaya na kansa a daskarar, a ba shi magani mai ƙarfi, a mayar masa. Wannan ta fi sauƙin haɗari, don jiki ya san abinsa. Sai dai da suka duba, ciwon ya shiga ɓargon nasa. Na ce wa Kechi na gane, ba a ajiye iri mai ƙwari. Ta uku ita ce nawa. Nawa lafiyayye ne, kuma masu gadin da zai haifa suna iya farautar ragowar ciwon. Amma suna iya ɗaukar Yaya kansa baƙo, su far wa fatarsa da hantarsa da hanjinsa, wani lokaci har a rasa rai. Kuma kafin a sa nawa sai an kashe nasa ƙurmus da magani da wani haske na inji. Daga ranar da aka fara, ba komawa. In na fasa a tsakiya, ba shi da jinin da zai rayu da shi.

Sai likita ya tambaya ko akwai wanda ya tilasta ni.

Na ce, "Inna."

Kechi ba ta fassara ba. Ta ce, "Yaya Kulu, wagga tambaya ba ta wasa ba ta. In kin ce a'a, ba mai gaya mishi ke kin ƙi. Za a ce jini bai dace ba."

Agogon nan da ya zame shi na riƙa gani. Na ce, "Gaya mishi ba wanda yat tilasta ni. Ɗan'uwana na."

Sannan na tambayi abin da ya kawo ni: wane ƙashi za a fasa? Likita ya yi murmushi. Ba fasawa. Allura ce za a soka a ƙashin ƙugu ta baya, ina barci, a zuƙo. Cikin 'yan makonni jikina zai mayar da abin da aka ɗiba. Zan iya duƙawa in yi dashen shinkafa? Ya ce har in gaji.

Da aka gaya wa Yaya batun faɗan da sabon ɓargo kan yi, ya ce wa likita wani abu da Turanci, likita ya yi dariya. Kechi ta fassara mini: wai in dai ɓargon Kulu ne, sai ya yi faɗa, su tanadi magani da yawa.

Aka shigar da shi wani ɗaki mai tagar gilashi, ba mai shiga sai da wankin hannu da riga da takunkumi. Aka fara kashe ɓargonsa. Mako guda ke nan ran Yaya yana cikin ƙuguna ina yawo da shi. Labbo ya mai da kansa dogarina. In za mu tsallaka titi sai ya riƙe gefen mayafina. Ya hana ni tauna ƙashin kaza, ya hana ni hawa matakala mai tafiya da kanta, ya kori kyanwar Gwaggo daga kusa da ni don kada ta yi mini atishawa. Da na yi tuntuɓe a bakin ƙofa, shi ya yi salati kafin ni.

Saura rubutun Inna. Kechi ta ce ko ruwan famfo ba ya shiga ɗakin nan sai an tafasa, balle galan da ya biyo ta Gusau. Na rasa yadda zan yi da amanar tsohuwa. Sai dabara ta zo mini. Tun da abin da ke jikina can za shi, ni na riƙa sha, kofi ɗaya safe ɗaya yamma, har ya ƙare. Na gaya wa Kechi. Ta yi tunani ta ce a duk karatunta ba ta ga inda aka hana ba.

Ranar ɗiba aka sa mini wata riga mai buɗaɗɗen baya, wadda ban yafe wa wanda ya ɗinka ta ba. Aka ɗora mini wani abu a hanci. Ina cikin Ƙulhuwallahu ban kai ƙarshe ba, sai na farka na ji kamar jaki ya harbe ni a ƙugu sau biyu. Kechi tana tsaye tana share hawayen dariya. Wai tun kafin in gama farfaɗowa na ɗaga murya na kawo labarin gonar Zauro tun daga farko, har da allon da ya nutse. Turawan nas suka tambaye ta ko addu'a nake yi.

"Mi kika ce musu?"

"Na ce awo, addu'a ta."

Da yamma aka tura ni a keken marasa lafiya har bakin tagar Yaya. Na zaci zan ga ɓargo fari mai maiƙo irin na saniya. Ashe wata jaka ce ja a rataye, tana ɗiga ta siririn tiyo zuwa ƙirjinsa, kamar ƙarin jini. Duk tafiyar nan, da kifi shida, a kan wannan. Akwai tarho a bango, ɗaya ciki ɗaya waje. Ya ɗauka, na ɗauka.

"Ashe abin kamar jini na kawai," in ji shi.

"Mi kaka so, a yanka maka albasa a kai?"

Ya ci gaba da kallon jakar. Can ya ce, "Kulu, gonag ga ta Zauro."

"Bari, Yaya."

"Ban tambaye ki ba. Ya kamata in tambaye ki."

"Da ka tambaya da na hana."

"Shi ya sa ban tambaya ba."

Dariya ta kama ni, ƙuguna ya amsa, na koma kuka, ban san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Shi ma ya juya fuska bango.

Abin da ya biyo baya ba abin dariya ba ne. Tsohon ɓargo ya mutu, sabo bai kama ba, jikinsa ba mai gadi ko ɗaya. Zazzaɓi ya rufe shi. Bakinsa ya yi gyambo har ya kasa haɗiye yawu, tarhon ma ya daina ɗauka. Kowace safiya a ɗebi jininsa a duba, kowace safiya Kechi ta girgiza kai ta ce tukuna. Ni da Hajiya Asabe muna zaune a baranda da carbi. A kwana na goma sha biyu likita ya fito bai yi murmushi ba, ya ce mu yi haƙuri mu jira. Ranar na ce a raina, in ya tafi, ɓargona ne ya ƙi shi. Me zan gaya wa Inna?

Ranar ce Gwaggo ta zo asibiti, da sandarta, da damin furanni. Su haka suke dubiya, ba fura ba kunu, sai abin da ko akuya ba za ta ƙoshi da shi ba. Furannin ma aka hana su shiga. Ta zauna kusa da ni da su a cinya, ta kama hannuna, ba mai jin yaren wani, har la'asar. Na daina ganin al'adarsu baƙuwa daga ranar.

A kwana na goma sha tara muna shigowa na hango Kechi a ƙarshen baranda. Ba ta jira mun iso ba, ta ɗaga takarda sama ta ce, "Ya kama." Hajiya Asabe ta zube ta yi sujada a nan kan tayil. Labbo ya rungumi wani Bature mai shara da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bayan mako guda tafin hannun Yaya da bayansa suka yi ja, suna ƙaiƙayi. Faɗan da aka ce ne, amma likita ya ce ƙarami ne, magani zai kwantar da shi. Yaya ya ɗaga hannuwan ya nuna mini ta gilashi.

Mako bakwai na yi. Shi sai ya ƙara watanni kusa da asibiti, kuma likita bai ɓoye mana ba: ba a cewa an rabu da irin wannan ciwo sai an ga shekaru. Na bar wa Kechi sauran daddawa, na bar wa Gwaggo zanena mai kyau ɗaya, ta shimfiɗa shi a kan tebur. Muka dawo na tarar shinkafata ta yi ciki.

Shekaranjiya wani abokin aikinsa ya kawo mini kaset daga wurinsa. Na aro rediyo, matan gida da na maƙwabta suka taru. Muryar ta yi ƙarfi. Ya gaida Inna, ya gaida Malam. Ya yi dogon bayani kan yadda za a riƙa tayar da motarsa kada batir ya mutu. Ya yi ƙorafin dankali. Sannan ya ce an gwada jininsa, likita ya ce duk wanda ke gudana a jikinsa yanzu nawa ne, har in wani likitan da bai san shi ba ya duba, zai rantse jinin mace ne. Ya ce kada in gaya wa kowa. Mata goma sha ɗaya ne a tsakar gidan.

Ya ce, "To, Kulu, shi ke nan." Muka ji ƙarar taɓa maɓalli, amma ashe bai danna daidai ba. Kaset ya ci gaba da juyawa. Aka yi shiru, sai jan numfashi, sai muka ji babban mutum yana kuka a hankali. Can muryarsa ta ce, "Asabe, duba ko rediyon ya mutu. Kada ta ji ni haka."

Ba wadda ta yi motsi. Na tashi na kashe rediyon da kaina.

Jiya na ɗauki amsata a bayan kaset ɗin, na kulle ɗaki ni kaɗai. Ban ce na ji komai ba. Na ce motarsa lafiya lau, Inna tana gaishe shi, kuma dankalin nan ko ba daɗi ya daure ya cinye, don jinina bai saba zama da yunwa ba.